A Ɗora ko a Ja? Lodin A-kori-kura da Ƙaramar Tirela a Hanyoyin Makoɗa

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Makoɗa, aka yanke gero da dawa, aka roro wake, aka cire gyaɗa, sai hankalin kowa ya koma kan hanya. Amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa, ko dai ta Ɗambatta ranar Lahadi, ko ta Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke bakin Kano. Da rani kuma masu noma a gefen madatsar ruwa ta Tomas suna da nasu kayan: shinkafa, albasa, tumatir. Motar da ta fi kowace shan wannan ɗawainiya ita ce a-kori-kura, daga Hilux zuwa ragowar tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Waɗanda suka ƙera waɗannan motoci sun yi su ne don su ɗauki kimanin tan ɗaya. Buƙatar manomi da ta ɗan kasuwa kuwa ta zarce haka nesa ba kusa ba, musamman tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kowane sawu ya zama abin lissafi.

Hanya biyu ce a gaban mai motar da ke son kwasar kaya fiye da tan ɗaya a sawu guda. Ta farko kowa ya san ta: a kai motar wurin makaniki ya ƙara mata sifirin, mai walda ya ɗaga bodinta da ƙarafa, 'yan dako su jibga buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure da igiya, a ce Allah ya kiyaye hanya. Ta biyu ita ce a ɗaura wa motar ƙaramar tirela a baya, a raba kayan gida biyu. A Amurka da Turai jan tirela da irin wannan mota abu ne na yau da kullum. Iyali kan ja ɗaki mai taya su tafi hutu, manomi ya ja dawaki ko ciyawa, kuma daga yawan haɗurran da suka gani ne suka fitar da ƙa'idoji masu tsauri. A wajenmu ma abin ba baƙo ba ne ɗungurungum: muna ganin injin casa ana jan sa daga ƙauye zuwa ƙauye, da janareto mai taya, da tankin ruwa, da kayan masu haƙa rijiyar burtsatse. To wanne ya fi wa mai mota, da mai kaya, da sauran bayin Allah da ke kan titi?

Abin da motar za ta iya

Kowace a-kori-kura tana da adadi uku da kamfani ya yanka mata, ana samun su a littafin motar ko a jikin wani ɗan faranti da ke maƙale a jikinta. Na farko, nauyin da za ta ɗauka a kanta. Na biyu, nauyin da za ta ja. Na uku, jimillar nauyin mota da tirela da kayansu idan aka haɗa.

A adadi na farko ne ake fara yaudarar kai. Tan ɗayan da ake faɗa ya haɗa da duk abin da ya hau motar, har da mutane. Direba da yaron mota da mai kaya sun kai wajen kilo 200. Saura kilo 800, wato buhu takwas na hatsi mai kilo 100, ko buhu goma sha shida na taki ko siminti. Wanda ya saba tsayawa a bakin titin Ɗambatta ranar kasuwa ya san cewa ninka wannan adadi ba ya ɗaga wa kowa gira.

Adadi na biyu ya fi na farko girma sosai, amma da sharaɗi. Idan tirelar ba ta da birkin kanta, iyakar da yawancin kamfanoni da dokokin Turai suka yarda da ita kilo 750 ce, har da nauyin tirelar. Idan tana da birki, wasu samfuran Hilux masu injin dizal suna iya jan har kilo 3,500, masu injin fetur kuma ƙasa da haka. Dalilin wannan rata a fili yake. Kayan da ke cikin bodi suna zaune ne a kan sifirin da aksul da tayoyin motar. Kayan da ke cikin tirela kuwa suna zaune a kan tayoyin tirelar, aikin motar shi ne ta motsa su ta kuma taya su tsayawa.

Adadi na uku shi ne ke hana zari. Hilux mai injin dizal 2.8 da aka sayar a Ostareliya a 2020 an ba ta izinin kaiwa kilo 3,050 ita da kayanta, da izinin jan kilo 3,500, amma jimillar duka kada ta wuce kilo 5,850. Idan ka haɗa adadin biyu na farko za ka sami 6,550, wato an zarce da kilo 700. Ma'ana, ba a cika mota fal kuma a cika tirela fal a lokaci guda. Inji ɗaya ne, giya ɗaya, lagireto ɗaya, kuma ɗaura tirela ba ya ƙara musu ƙarfi.

Abin da lodi ke yi wa mota

Ba za a yi wa lodi adalci ba sai an faɗi abin da ya sa mutane suka riƙe shi. Ba ya buƙatar sayen wani sabon abu mai tsada. Direba ba ya buƙatar koyon sabon tuƙi. Motar tana nan da tsawonta, tana shiga lungu, tana juyawa a cikin kasuwa, tana yin ribas ba tare da wahala ba. A cikin rairayi ma nauyi daidai gwargwado a kan tayoyin baya yana taimaka musu su kama ƙasa. Idan kaya bai wuce ƙa'ida ba, babu wata tirela da ta kai wannan sauƙi da aminci.

Matsalar tana farawa ne daga buhu na tara zuwa sama, kuma ba ta zuwa da hayaniya. A Hilux mai ƙofa huɗu, yawancin bodin yana kan aksul na baya ne ko ma bayansa. Duk buhun da aka ƙara a can ƙarshe yana danne baya yana ɗaga gaba. Tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ne ke yin mafi yawan aikin birki, sai su rage kama ƙasa. Sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Fitilun gaba su kalli sama su kashe wa mai tahowa ido da daddare. Shasi kuma yakan lanƙwashe a daidai tsakanin ɗakin direba da bodi, ciwon da walda ba ta cika warkar da shi ba.

Ƙarin sifirin da ake yi ba ya magance ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana hana bayan mota durƙushewa ne kawai, alhali durƙushewar nan ita ce alamar da ke gaya wa direba cewa ya isa haka. Aksul yana nan yadda yake, haka boris, haka birki, haka tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambar da ke nuna iyakar nauyinta. Mai lamba 110, alal misali, kilo 1,060 take ɗauka idan sabuwa ce kuma iskarta ta cika. Biyu na baya ke nan kilo 2,120. Bayan motar kanta, ba kaya, ya kusa kilo 900. Ɗora buhu ashirin a kai, ka ga an wuce iyakar da ɗaruruwan kilo. Wannan lissafin sabuwar taya ne. Yawancin masu lodi kuwa tayar gwanjo suke sa wa, wadda lambobi huɗun da ke gefenta, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, sukan nuna ta daɗe da tsufa. A haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a fahimci dalilin da ya sa fashewar tayar baya ta zama labarin da ba ya ƙarewa.

Sai kuma tsayin kaya. Duk yadda lodi ya yi sama, haka motar ke ƙara saurin karkata. Kwanar da mota marar kaya za ta sha ba tare da direba ya lura ba, ita ce mai dogon lodi za ta kwanta a cikinta, musamman idan taya ɗaya ta sauka daga kwalta zuwa gefen titin da ruwa ya zaizaye. Mafi muni shi ne a kan wannan tulin buhuna ne fasinjoji kan zauna. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana yaƙi da haɗa mutane da kaya a mota ɗaya, kuma hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA, da aka kafa a Kano a 2012, tana kama masu lodin wuce ƙima. Amma matuƙar mai mota bai ga wata mafita ba, zai biya tara yau ya sake lodi gobe.

Abin da tirela ke bayarwa da abin da take nema

Mu ɗauki waɗancan buhuna ashirin mu sake raba su. Tirela mai birki, mai nauyin kilo 500, ta ɗauki buhu goma sha biyar: jimilla kilo 2,000. Motar ta ɗauki buhu biyar da mutum uku. Kayan bai ragu ba ko da kwano ɗaya, amma yanzu yana kwance ƙasa-ƙasa a kan tayoyi shida ko takwas maimakon huɗu, babu tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, gaban mota yana ƙasa, kuma tayoyin tirelar suna taka nasu birkin. Ga masu kai dabbobi kasuwar Ɗambatta akwai ƙarin amfani: tirela ta fi bodin mota kusa da ƙasa, saniya za ta hau ba sai an ɗaga ta ana dukanta ba. A kan kwalta, wannan tsari ya fi lodi ta kowace fuska.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan alherai yana rataye da sharaɗi, kuma wanda ya tsallake sharaɗin ya sayo wa kansa haɗarin da ya fi na lodi.

Sharaɗi na farko shi ne birki. Yawancin tirelolin da ake haɗawa a garejin walda ana yin su ne da aksul na tsohuwar mota, birkinsa a mace. Irin wannan ba ta da halin wuce kilo 750, kuma idan aka cire nauyinta, buhu huɗu ko biyar ne kacal rabonta. Wanda ya zuba mata buhu goma sha biyar ya ɗaura wa kansa kusan tan biyu da ba abin da zai tsayar da su sai birkin Hilux. Ranar da akuya ko yaro ko mai babur ya gitta, direba zai taka birki, motar ta so tsayawa, tirelar ta ƙi. Za ta tura bayan motar gefe, su naɗe kamar wuƙar aska. A Turai maganin da aka fi amfani da shi mai sauƙi ne, babu wuta babu kwamfuta: sandar ja tana da wani ɓangare mai zamewa, idan mota ta rage gudu tirela ta matso, matsowar ce ke jan waya ta kama birkin tirelar. A Amurka an fi amfani da birki mai aiki da lantarki, wanda direba ke daidaitawa daga cikin mota. Nau'in farko bai fi ƙarfin ƙwararren maƙeri a Kano ba, idan ya sami kayan haɗi na gaskiya.

Sharaɗi na biyu shi ne yadda ake shirya kaya, kuma a nan mutanen Makoɗa ba sa buƙatar malami daga waje. Duk mai amalanken shanu ya san cewa idan ya tara kaya a baya, sandar za ta ɗaga karkiya ta shaƙe wuyan shanun, idan kuma ya tara a gaba za ta danne su har su kasa tafiya. Haka tirela take. Ana son kimanin kashi shida cikin goma na kayan su kasance gaban aksul, ta yadda bakin tirelar zai danna mahaɗin mota da wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. A misalinmu na sama, kusan kilo 200 ke nan, kuma dole a cire su daga abin da motar za ta ɗauka. Shi ya sa buhu biyar muka ba ta, ba takwas ba. Idan bakin ya yi sauƙi fiye da kima, da zarar an ɗan yi gudu tirelar za ta fara lilo, dama da hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har ta fizge motar daga titi. Iskar babbar mota da ta wuce, ko rami ɗaya, ya isa ya tayar da wannan lilo. Idan ya fara, abin da zuciya ke umartar direba, wato ya danna birki ya murɗa sitiyari, shi ne ainihin abin da ke kifar da mota. Abin yi shi ne ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya bar gudu ya mutu a hankali, sannan ya tsaya ya sake shirya kayan.

Kaya masu motsi suna da nasu hukuncin. Tankin ruwa da aka cika rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana tafiya gaba da baya yana dukan bango a duk birki da kowace kwana. Ko a cika shi, ko a yi masa shamaki a ciki. Dabbobi kuma a ɗaure su yadda ba za su taru a gefe ɗaya ba.

Sharaɗi na uku shi ne mahaɗi. Abin da aka saba gani shi ne ƙarfe mai huda da aka liƙa wa bamba da walda, a zura ƙusa ko noti, a tafi. Bamba ba a yi ta don ja ba. Mahaɗin kirki ana ɗaure shi ne da manyan notuna a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya tanada. Idan mai ƙwallo ne, a tabbatar ƙwallon da bakin tirelar girmansu ɗaya. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci biyu ne, akwai kuma wanda bai kai haka ba, kuma duka suna shigowa kasuwanninmu a gwanjo. Bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa tirela ta kuɓuce a kan tudun rage gudu. Idan mai ƙusa ne, lallai ƙusar ta sami abin kullewa a ƙasa. Bayan haka a sa sarƙa biyu masu ƙarfi daga tirela zuwa shasi, a gicciye su a ƙarƙashin sandar ja, don ko mahaɗi ya saki, sandar ta faɗa kan sarƙa maimakon ta caki kwalta.

Sharaɗi na huɗu shi ne a gan ka. Tirela tana rufe fitilun bayan mota. Idan ba ta da fitilar birki da sigina da abu mai ƙyalli a bayanta, to da magariba ta zama bango a tsakiyar titi, kuma mai babur da ke tafe a baya shi zai fara sani. Madubin gefe ma dole ya hango har ƙarshenta.

Na biyar shi ne gudu. Idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa sau huɗu. A Jamus mai jan tirela ba ya wuce kilomita 80 a awa sai da izini na musamman, a Ingila ma iyakarsa a titin da ba tagwaye ba mil 50 ne, wato kusan kilomita 80, a kan titunan da ba rami ba dabba. Dokokin hanya na Najeriya sun yanka wa motar da ke jan wata mota kilomita 45, manyan tireloli kuma 50 a babbar hanya. Wannan na Najeriya shi ne ma'aunin da ya dace da titin da ya taso daga Kano ya ratsa Ɗambatta ya nufi Kazaure da Daura, inda kowane ɗan taƙi akwai ƙauye, da makaranta, da garke mai tsallakawa. Injin casa da tirelar tantan kuwa an yi su ne don tafiyar tantan. Tayoyinsu da borisansu ba su san gudun Hilux ba.

Hanya ita ma tana da ta cewa

Ƙasar Makoɗa tana cikin yankin nan na kewayen Kano da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi suna wajen nazarinsa tun shekarun 1960: gona na manne da gona, ana noma kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ƙasa da takin gida. A irin wannan wuri ba a barin fili a banza. Hanyoyin da ke tsakanin gonaki ƙanana ne, shinge dama da hagu, rairayi a ƙasa, da damina kuma zaizaya da taɓo. A nan tirela ba ta da daɗin sha'ani. Tana yanke kwana, wato tayoyinta suna bi ta ciki fiye da na mota, sai ta taka shukar maƙwabci ko ta faɗa gefen kwalbati. Idan aka yi kiciɓis da wata mota a siririyar hanya, komawa da baya da tirela fasaha ce da sai an koya, domin tana tafiya ne akasin inda aka murɗa sitiyari. A cikin yashi kuma tayoyinta ba sa tura komai, nutsewa kawai suke yi, kuloci ya ƙone a banza.

Saboda haka daga gona zuwa bakin titi, a garuruwa irin su Maitsidau da Satame da Koguna, a-kori-kura mai lodi daidai ƙa'ida ta fi, amalanken shanu kuma ya fi su duka dacewa da wurin. Daga bakin kwalta zuwa Ɗambatta ko Dawanau ne tirela ke nuna amfaninta. Hikimar ita ce a raba tafiyar biyu, a tara kaya a inda kwalta ta fara, a ɗaura tirela a can.

Lissafin aljihu

Mai lodi yana ganin riba a hannu yau. Asararsa tana zuwa ne a rarrabe, shi ya sa ba ya haɗa ta: taya wannan wata, boris wata mai zuwa, sifirin da ya karye a hanya, kwana ɗaya a gefen titi ana gadin kaya, tara a shingen jami'ai, sai kuma ranar da zai sayar da motar a ga shasi a lanƙwashe a karya mata farashi. Mai tirela kuwa yana biyan nasa a dunƙule tun farko: kuɗin tirela mai birki, mahaɗi, wayar fitila, ƙarin tayoyi. Man da zai sha ya fi na mota marar tirela, dole ya riƙa amfani da ƙananan giya a hawa da gangara, ya kuma sa ido a kan zafin inji. Amma motarsa za ta daɗe, kuma ranar da babu babban kaya sai ya kwance tirelar ya ajiye, motar ta koma yadda kamfani ya yi ta. Wadda aka ƙara wa sifirin kuwa ko ba kaya tana tsalle a kan gargada, bayanta na neman zamewa. Akwai kuma abin da lodi ba zai taɓa bayarwa ba: tirela ɗaya za ta iya zama ta mutum uku ko ta ƙungiyar manoma, kowa ya ɗaura ranar da yake buƙata.

Wa ke ɗaukar asara idan abu ya ɓaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ne kwatancin ya wuce maganar ƙarfe da roba. Idan mota mai lodi ta kife, waɗanda suka fi shan wuya su ne na cikinta da na kanta, talakawan da suka hau saman buhu don ba su da kuɗin wata motar. Idan tirela ta kuɓuce, ba ta da direba ba ta da birki, inda ta ga dama za ta nufa: mai tallan rake a gefen titi, ɗalibai masu dawowa daga makaranta, motar da ke tahowa. Waɗannan ba su yi ciniki da kowa ba, ba su karɓi ko sisi daga kuɗin lodin ba. Hanya ta jama'a ce, kuma wanda ya fito da nauyi a kanta ya ɗauki amanar duk wanda zai gamu da shi. Cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya ne, amma ba ya wanke wanda ya san ƙusarsa ba ta da makulli ya kuma tayar da mota.

Idan aka jera su, matsayi huɗu ne. Mafi aminci shi ne lodi daidai ƙa'ida. Mai bi masa shi ne tirela mai birki, mai mahaɗin kirki da sarƙa da fitila, a hannun direban da ya koyi jan ta. Can ƙasa akwai lodin wuce ƙima. A ƙarƙashinsa kuma, mafi sharri, akwai tirela marar birki da aka cika da tan biyu aka maƙala wa bamba. Tirela ta fi lodin wuce ƙima, amma tirelar da aka yi da ilimi kaɗai. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai take ci.

Abin da ya rage shi ne a kawo wannan ilimi kusa da masu buƙatarsa, kuma ba sai an je nesa ba. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗambatta, za ta iya fitar da zanen ƙaramar tirela mai birki da ya dace da hanyoyinmu, ta horar da masu walda a kai. Ƙungiyar direbobi a tasha, wadda maganarta ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen direba, za ta iya hana mota tashi idan tirelarta ba sarƙa ba fitila, ko idan akwai mutum a saman kaya. Jami'an duba lafiyar motoci su riƙa duba tirela kamar yadda suke duba mota. Kafin wannan ya tabbata, mai a-kori-kurar da ba shi da halin sayen tirela mai birki yana da zaɓi ɗaya na halal: ya ɗora buhu takwas, ya je ya sauke, ya dawo ya ɗauki saura. Kuɗin man sawu na biyu yana da zafi, amma kuɗi ne da ake iya mayarwa a kasuwa mai zuwa.